Magani ya daina aiki amma awo ya kama shi: muhawara kan jini da fitsarin dawakin gasa

Abu Safiyya, Janadriyya: Assalamu alaikum jama'ar barga. Tambaya gare ni ga likitocinmu. An ce fenilbutazon, maganin zafi da kumburi wanda ake kira biyut, awa shida kacal yake yi rabinsa ya bar jinin doki. To me ya sa FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ta rubuta cewa awo yana iya gano shi har kwana bakwai? Tsoratarwa ce ko kuwa? Kakar tseren Riyad ta kusa buɗewa, dawakin da suka sauko daga Ɗa'if akwai masu ɗingishi, kuma kowane sayis da irin lissafin da yake yi.

Dakta Abu Hafsa, Riyad: Wa alaikumus salam Malam. Duka biyun gaskiya ne, bari mu bi lissafin. Dokin kilo 450 ana ba shi miligiram 4.4 a kowane kilo, wato kusan giram biyu. In ta jijiya aka yi, jininsa zai kai wajen mikrogiram 30 a kowace mililita. Bayan awa shida saura 15, bayan awa 12 saura 7.5, kwana ɗaya saura kusan 2, kuma daga nan zafin ciwo yake fara dawowa, sai sayis ya ce magani ya fita. Kwana biyu saura kamar 0.12, wato nanogiram 120. Na'urar awo kuwa tana ganin abin da bai kai nanogiram ɗaya ba, kuma iyakar tacewar da ƙasashen tsere suka amince da ita ga biyut, wato adadin da in an haura shi ake rubuta rahoto, nanogiram 100 ce. Ka ga ko da allura ɗaya tak, a doki mai lafiya, kwana biyu bai wadatar ba.

Sannan ba a cika yin allura ɗaya a tsaya ba. In aka jera kwana biyar safe da yamma, hantar doki tana cikawa, aikinta ya yi nauyi, awa shidan nan ta ƙaru. Wani kason ya shige cikin nama da wurin kumburi, yana tsattsafowa a hankali, shi ya sa wutsiyar lissafin take ja fiye da farkonsa. In gari ne aka barbaɗa a abinci, akwai wata matsalar: biyut yana manne wa busasshiyar ciyawa, ba ya sakinta sai ta isa babban buhun hanji inda ƙwayoyin cuta masu amfani suke narkar da ita. Dokin da ya ci ciyawa ya ƙoshi kafin magani, kan iya yin rabin yini kafin maganin ya kai ƙololuwa a jininsa. Ƙoda kuma tana tattara shi a fitsari fiye da yadda yake a jini.

Ummu Yasir, Jidda: Dakta ya yi bayanin jini, ni bari in ɗora da hanta, domin a ɗakin awo sau da yawa ba uwar maganin ake nema ba, 'ya'yanta ake nema. Magani mai son maiƙo ba ya fita ta fitsari yadda ya shiga. Hanta tana yi masa aiki hawa biyu. Hawa na farko, wasu sinadaran hanta da ake kira P450 su liƙa masa iskar oksijin ko su gutsure masa wani reshe. Hawa na biyu, a ɗaura masa wani nau'in sukari ko salfet don ya narke a ruwa, ƙoda ta iya zubar da shi. Doki ba shi da matsarmama, ruwan ɗacin hantarsa kullum a kwarare yake zuwa hanji, kuma wani kason maganin da ya bi ta can yana iya kwancewa a sake tsotse shi.

Biyut yana haifar oksifenbutazon, wanda shi ma yana kashe zafi. Asefiromazin, mai kwantar da doki, da wuri yake ɓacewa a jini, amma ɗansa da ake kira HEPS yana daɗewa a fitsari. Lidokeyin ana gane shi ta ɗansa haidiroksi-lidokeyin. Ganin ɗa ma hujja ce mai ƙarfi, don yana nuna maganin ya ratsa hantar dokin, ba zuba shi aka yi a kwalba ba.

Ga yadda aikin yake tafiya. Bayan tsere a kai doki ɗakin da aka shimfiɗa sabuwar ciyawa, a jira fitsari, a ɗebi jini daga jijiyar wuya. A raba kashi biyu, A da B, a rufe da hatimi a gaban wakilin mai doki ya sa hannu. Lamba kawai ke kan kwalba, ɗakin awo bai san sunan doki ba. A can sai a zuba wa fitsarin wani sinadari mai yanke sukarin da hanta ta ɗaura, a tace shi ta ƙaramin bututu mai kama magani ya saki gishiri da datti, sannan a tura shi na'urar da ke jera sinadarai bisa saurin tafiyarsu, wata kuma ta auna nauyin kowane ta farfasa shi ta auna gutsattsarin. Zagaye ɗaya yana duba ɗaruruwan magunguna. In an ga alama, sai a sake buɗe sabon kaso a gwada shi kafaɗa da kafaɗa da ainihin sinadarin. Sai lokacin fitowa da gutsattsari sun dace kafin a rubuta rahoto.

Shamakin Dirab: Allah Ya ƙara basira Hajiya. Dakta, a taimaka mana da kwanakin sauran magungunan da aka fi ajiyewa a barga.

Dakta Abu Hafsa, Riyad: A jadawalin FEI: fuluniksin ta jijiya kwana 6, ketofirofen kwana 4, meloksikam kwana 3, daifiron kwana 3, deksametazon miligiram 10 ta jijiya awa 48, detomidin da lidokeyin awa 48, kilenbutarol kwana 7, firokoksib kwana 14. Na cikin gaɓa su ne masu tarko: tirayamsinolon miligiram 12 a gaɓa ɗaya kwana 7, amma metilfiredinisolon miligiram 100 kwana 14, miligiram 200 kwana 28, don an yi shi ne ya narke sannu a hankali. In allurar ta kauce ta zuba a nama ko kitsen gefen gaɓa, kwanakin nan ba su da amfani, zai wuce su.

Ku riƙe abu ɗaya, Shamaki: waɗannan wa'adin ganowa ne, wato kwanakin da awo yake ganin magani, ba wa'adin janyewa ba, wato kwanakin da ya kamata a tsayar da shi kafin gasa. An samo su ne daga dawaki ƙalilan, sau da yawa shida, masu lafiya, a hutu, da magani ɗaya. Naka mara lafiya ne, yana atisaye a zafin Najad, wataƙila magani uku ake haɗa masa. Ni a ganina ninka kwanakin biyu shi ne lafiya. Kuma jadawalin FEI na tsallake ne da dogon zango irin na kilomita 120 da ake yi a AlUla. Mai shiga tseren Janadriyya ko Ɗa'if dokar kulob ɗin tsere zai bi, ya tambayi likitocin fili. Misali omefirazol na gyambon ciki FEI ta halatta shi, amma a tseren gudu ƙasashe da yawa suna da wa'adinsa. A 2012 ma biyut ɗin nan ne ya jawo aka dakatar da mahayan tsallake biyu na Saudiyya wata takwas, kafin kotun wasanni ta rage zuwa biyu ana dab da gasar Olamfik ta Landan.

Abu Safiyya, Janadriyya: Fuluniksin fa ya ɗaure min kai. Awa biyu aka ce rabinsa yake yi, amma kwana shida?

Ummu Yasir, Jidda: Ƙoda tana fitar da shi da yawa ba tare da ya canza ba, ya jiƙa shimfiɗa, doki ya sunkuya ya ci shimfiɗar, magani ya koma ciki. Haka zai yi ta zagaye. An tabbatar da wannan a fuluniksin da nafiroksen. Maganinsa, dokin da ake jinya a ware masa ɗaki da bokiti da akurkin abinci nasa, a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kullum, ranar da aka gama magani a kwashe duka a wanke ƙasa da bango. Garin katako ya fi karan alkama a nan, don ba su cika cinsa ba. Kada a sa dokin gasa a ɗakin da mara lafiya ya tashi jiya.

Malam Ɗan Takari, Makka: To ku taɓo mana namu na gida. Goro fa? Akwai masu gutsura wa doki don ƙauna.

Dakta Abu Hafsa, Riyad: A daina, Malam. Goro yana da kafeyin da tiyobiromin, haka shayi da gahawa da lemon ƙara kuzari suna da kafeyin. Mutum awa biyar rabin kafeyin ya bar shi, doki ya fi awa goma, hantarsa kuma ta mayar da shi tiyofilin da tiyobiromin, duka ana nemansu. Iyakar kafeyin a fitsari nanogiram 50 ce a mililita, ɗan ɓari ya isa ya haura ta na kwanaki. Tofar da tukar goro a kan ciyawa ma haɗari ne.

Wanda ya fi wannan yawa shi ne fitsarin mutum a ɗakin doki. Sayis mai shan taramadol ko maganin sukari ko farasitamol, ya tsuguna a lungun ɗaki da dare, doki ya ci ciyawar wurin. An sha kama dawaki ta wannan hanya a ƙasashe daban-daban. Sai man shafawa irin Voltaren: ka shafa a gwiwarka, ka kama linzami ko ka cuɗa dusa da hannun, dikilofenak ya shiga. Sai fenisilin mai farin ruwa da ake yi a nama. Ba fenisilin ɗin ne laifi ba, firokeyin da aka haɗa shi da shi ne, mai kashe zafi ne, kuma yana iya yin makonni yana fitowa daga inda aka soka allurar. In gasa ta kusa, likita ya zaɓi wani maganin.

Malam Ɗan Takari, Makka: Goro na yarda. Amma kada ku ce min kanwa ma laifi ce. Tun kakanni da kanwa ake kiwon doki a ƙasar Hausa, 'yan'uwanmu na Sudan ma da atrun suke yi. Gishirin ƙasa ne, ba magani ba.

Ummu Yasir, Jidda: Baba, kiwo daban, ranar tsere daban. Kanwa 'yar'uwar bakin-soda ce, abin da ke cikinta kabonet ne da baikabonet. Kanwa ta kar tsami a miya, haka take yi a jini, kuma abin da masu maguɗi suke nema ke nan in sun ɗura wa doki soda ta hanci don tsamin gajiya ya jinkirta. Ana auna wannan da jimillar iskar kabon a ruwan jini. Doki lafiyayye yana wajen milimol 30 zuwa 31, iyaka 36 ce a kowace lita. Na'ura ba ta tambayar daga ina ya zo.

Malam Ɗan Takari, Makka: Lasa ɗaya za ta kai shi 36? Ban yarda ba.

Dakta Abu Hafsa, Riyad: Gaskiyarka Malam, lasar dutse ba za ta kai ba. Amma jiƙa ta a bokiti a shayar wani abu ne, don ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ungurnu daban jar kanwa daban, ba wanda ya san nawa ya bayar. Abin yana kai ƙololuwa awa huɗu zuwa shida bayan sha, daidai lokacin da ake ɗibar jinin kafin tsere. Kuma a dokoki da yawa ba da irin wannan ranar tsere laifi ne ko lamba ba ta haura ba. In gishiri kake so ka mayar masa bayan gumi, gishirin girki da na fotasiyam sun isa. Wani abin lura, kanwa tana rage tsamin fitsari, fitsari mara tsami kuma yana riƙe biyut ninkin-ba-ninkin, ta yadda dawaki biyu masu magani ɗaya a jini za su iya bambanta sosai a fitsari.

Abu Rayyan, Dammam: In an riga an yi kuskure fa, ƙarin ruwa ko Lasix, maganin nan mai sa fitsari, ba za su wanke shi ba?

Dakta Abu Hafsa, Riyad: Ba za su wanke ba, ɗan'uwa. Fiye da kashi 98 cikin ɗari na biyut a manne yake da furotin ɗin jini, ƙoda ba ta tace abin da ke manne, hanta ce mai aikin kuma ba a hanzarta ta da ruwa. Lasix tsarma fitsari kawai take yi na 'yan awoyi, ɗakin awo kuma yana auna kaurin fitsari, in ya faɗi ƙasa da 1.010 an san da magana, sai a koma kan jini, ita kanta Lasix ɗin a gan ta. Haɗarin ya fi na awo: doki a zafinmu yana zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa ɗaya ta aiki mai tsanani. Ka haɗa ƙishirwa da biyut da Lasix, tsakiyar ƙoda ce take mutuwa, ban da gyambon tumbi da na babban hanji. Hanya ɗaya ce, a gaya wa likitan fili a janye dokin. Wanda ma yake bukatar maganin zafi kwana uku kafin tsere, ƙafarsa ce take cewa ba ta shirya ba, kuma irinsa ne ke karyewa wajen shan kwana a filin tsere.

Abu Rayyan, Dammam: Duk da haka ina ganin na'urorin nan sun wuce gona da iri. Medina Spirit da ya ci tseren Kentaki Dabi na Amurka a 2021, fikogiram 21 na betametazon, maganin kumburi, aka samu, fikogiram kuwa nanogiram ɗaya ne aka raba shi dubu. Aka ƙwace nasarar. Estimate, goɗiyar Sarauniyar Ingila, a 2014 morfin aka samu daga gurɓataccen abinci, aka soke matsayinta na biyu a Askot. Wane gudu wannan ya ƙara musu?

Ummu Yasir, Jidda: Ƙorafinka yana da tushe, Yaya, shi ya sa ba komai ake yi wa hukunci ɗaya ba. Abin da jikin doki ke yi da kansa ko yake samu a abinci, iyaka aka sa masa. Testosteron a fitsari nanogiram 20 ga dandaƙaƙƙe, 55 ga goɗiya. Ingarma kuwa ƙwansa yana yin nandorolon da ɗan boldenon da kansa, don haka lissafinsa daban, kuma dokin da aka ce an dandaƙe amma ƙwai ɗaya ya maƙale a ciki yana iya haura iyaka ba tare da allura ba. Salisilik, ɗan'uwan asfirin, yana cikin ciyawar barsim, iyakarsa a tsere mikrogiram 750 a fitsari. Kobal nanogiram 100 a fitsari, 25 a jini, kuma bitamin B12 da ruwan ƙarin jini suna ɗauke da shi, allurarsu dab da tsere tana ɗaga lambar. Magungunan jinya kuma iyakar tacewa gare su, abin da ke ƙasa da ita ba a ko rubuta shi.

Amma ƙanƙantar lamba a jini ba ta nufin ƙanƙantar aiki. Maganin da aka sa a gaɓa yana can yana danne kumburi alhali fikogiram ne kawai ke yawo a jini. Su kuma masu gina tsoka irin sitanozolol, tsokar da suka gina tana nan bayan sun fita, don haka kowane ɗigo laifi ne, a gasa ko a hutu. Su aka samu a dawakin wani mai horarwa a Niyumaket ta Ingila a 2013, aka kore shi shekara takwas, kuma awon ba-zata a barga ne ya kama shi. Ana ma yankar gashin geza ko wutsiya, wanda ke tsiro kamar santimita biyu a wata, a karanta watannin baya.

Shamakin Dirab: In ƙara wa Hajiya, matsalar ma ba yawan gani ba ce kullum, wani lokaci rashin gani ne. Maximum Security ya ci Kofin Saudiyya na farko ranar 29 ga Fabrairu 2020, gasar dala miliyan 20. Kwanaki kaɗan aka gurfanar da mai horar da shi, Jason Servis, a Amurka kan ba dawaki haramtattun magunguna, kuma sauraron waya ne ya tona shi. Ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekara huɗu a 2023, a 2024 kulob ɗin tsere na nan ya ƙwace nasarar ya ba Midnight Bisou da ta zo ta biyu. Na'ura abin da aka koya mata take nema.

Dakta Abu Hafsa, Riyad: Haka ne. Kuma masu bin sinadaran ɓoye doki suke kashewa. EPO na mutane, mai sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, misali: doki yana da saifa mai ajiye kusan sulusin jajayen ƙwayoyin jininsa, in ya zabura ta matse, kaurin jini ya tashi daga wajen 40 zuwa sama da 60 cikin ɗari. Ba ya bukatar ƙari. In aka yi masa na mutane, jikinsa kan ƙera garkuwa da za ta kashe har nasa na halitta, ɓargo ya daina yin jini.

Abu Safiyya, Janadriyya: Saura abinci. Yanzu da aka taƙaita noman ciyawa a nan saboda ruwan ƙasa, da yawa daga waje take zuwa. Yaya mutum zai kare kansa?

Ummu Yasir, Jidda: A warware kowane dami a duba. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, yana shiga ciyawa da ƙwallonsa mai ƙaya, yana ɗauke da atirofin da sikofolamin, iyakar kowanne nanogiram 60 a fitsari. In duka biyun suka fito tare, alama ce ta tsiro ba allura ba. Sha'ir da ya jiƙa ya fara tsiro yana yin hodenin. Ko abincin kamfani ba ya tsira: a 2020 zilfatarol, maganin ƙiba na shanu, ya shiga abincin dawaki ta ruwan rake, har aka janye dawaki daga babban tseren Faris.

Saboda haka duk buhun da aka buɗe, a ɗebi kamar cikin hannu biyu a leda mai tsabta, a rubuta lambar buhu da rana, a ajiye a wuri mai sanyi aƙalla wata biyu bayan gasa, haka ciyawa da duk wani ƙarin abinci. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ko an ce ganye ne zalla, kada ta shiga barga. Littafin magani kuma a rubuta sunan doki, magani, yawa, hanya, awa da sunan likita. Dokar ba ta tambayar niyya: a FEI mahayi ne ke ɗaukar laifi, a tsere mai horarwa. Sakamakon gasar zai tafi ko yaya, amma waɗannan ledoji da littafin su ne ke rage dakatarwa.

Abu Safiyya, Janadriyya: In rahoto ya zo, kwalbar B fa, tana kuɓutarwa?

Ummu Yasir, Jidda: Da wuya, Malam, tunda fitsari ɗaya aka raba. Amfaninta tabbatar da hatimi da lamba da ingancin aikin farko. Wa'adin nemanta gajere ne, yana rubuce a takardar sanarwa, a karanta ranar da ta iso. A ranar kuma a rufe ɗakin dokin kada a share, a ɗebi shimfiɗa da ragowar abinci da ruwan bokiti a ledoji daban-daban a gaban shaida, sannan a tambayi duk mai shiga ɗakin irin maganin da yake sha ko yake shafawa.